Na ƙara wa rago dusa amma ya daina cika

Wani mai kiwo daga Bodinga ya aiko da tambaya. Ya sayi ragon Uda a kasuwar Achida, watannin farko kullum sai cika yake yi, yanzu kuma ya ninka masa dusa da harawa amma ya tsaya cak. Ko ciwo ne?

Malam, mai yiwuwa lafiyarsa ƙalau. Dabba ba ta girma da sauri iri ɗaya. Tana farawa a hankali, ta zabura, sannan ta lafa idan ta kusa cika girmanta. Wani masanin halittu ɗan ƙasar Ostiriya, Ludwig von Bertalanffy, ya tsara lissafin wannan a 1938. A bayaninsa, jiki na yin aiki biyu lokaci guda: yana gina sabon nama, yana kuma ƙona abinci don riƙe wanda ya riga ya gina. Yayin da rago ke ƙara nauyi, abin da riƙon ke ci yana ƙaruwa fiye da abin da ginin ke samu. Kamar randa ce da yoyonta ke ƙaruwa gwargwadon cikarta, har a kai inda abin da ka zuba shi ne ke fita. Idan ragonka ya kai nan, ƙarin dusa asarar kuɗi ce, kuma ina jin takaicin yadda masu kiwo da yawa ke yin ta gab da Babbar Sallah.

Amma kada ka yanke hukunci da ido. Samu tef ɗin tela ka riƙa auna ƙirjinsa, daidai bayan ƙafafun gaba, duk mako biyu da safe kafin ya ci, kana rubutawa. Dubi bakinsa kuma: idan manyan haƙoran gaba sun fito duka takwas, ya gama girma, kitse kawai zai ƙara.

Idan ƙarami ne kuma awo ya tsaya, to wani abu ne ke cin rabonsa. Fara da tsutsar ciki, likitan dabbobi ya ba shi magani daidai nauyinsa. Sai zafi. A Sakkwato, cikin Afrilu, zafin rana kan wuce digiri 40, dabba kuma ta rage ci. Yi masa rumfa, ruwa kada ya yanke, ka ba shi abinci da sassafe da kuma bayan la'asar.

In kuwa babba ne, ka rage dusa, ka riƙe shi da harawa da kowar wake har ranar kasuwa.