Hukuncin ba ɗan canji naira a Birnin Kebbi don a karɓi fam a Ingila bayan makonni

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni ma'aikacin jinya ne a Birnin Kebbi, asalina mutumin Argungu. Na samu aiki a wani asibiti a Ingila, kuma ina shirin komawa can da matata da 'ya'yanmu uku. Na sayar da gidana da motata da gonarmu ta shinkafa da ke fadama, kuɗin suka kama naira miliyan 42. Wani ɗan canji da na sani ya ce in tura masa nairar mu yanke farashin fam tun yanzu, idan na isa na buɗe asusu abokin hulɗarsa na Landan zai riƙa zuba mini cikin mako biyu zuwa uku, gwargwadon yadda fam ɗin ke shigo masa. Na riga na tura masa miliyan 15. Wani abokina ya ce akwai ribar da shari'a ta hana a ciki, wani malami kuma ya ce kuɗin takarda ba zinariya ba ne, don haka babu laifi. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya saka maka da alheri, ɗan'uwa, da ka tsaya ka tambaya tun sauran kuɗin suna hannunka. Fita da dukiyarka zuwa ƙasar da za ka zauna halal ne, sayen fam da naira a kan farashin da kuka yarda da shi halal ne ko ya ɗara na banki, la'adar mai aikawa ma halal ce.  Abin da ya canja hukuncin shi ne maganarka cewa za a riƙa biyanka "gwargwadon yadda fam ɗin ke shigo masa", domin ma'anarta ita ce ranar da kuka ƙulla ciniki fam ɗin ba ya hannunsa, ba ya hannun abokinsa.

Abubuwa biyu ne kuka haɗa a yarjejeniya guda: musayar kuɗi da kuɗi, wadda malaman fiƙihu ke kira sarfu, da kuma aikawa. Sharaɗin sarfu, idan nau'in kuɗin ya bambanta, shi ne kowa ya karɓi nasa kafin a rabu, kuma hadisan da suka zo da haka sanannu ne. Malik ɗan Aus ya taɓa neman canjin dinari 100 a Madina, Ɗalha ɗan Ubaidullahi ya karɓi zinariyar yana jujjuya ta a hannunsa, ya ce a jira ma'ajinsa ya dawo daga Gaba, wani wuri kusa da Madina. Sayyidina Umar yana jin su, sai ya rantse cewa ba za su rabu ba sai Malik ya karɓi nasa. Ɗalha yana cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna, babu mai tsoron zai gudu da kuɗin wani, jinkirin kuma na jiran ma'aji ne kawai, duk da haka aka hana. Saboda haka amanar ɗan canjinka da daɗewar sanayyarku ba su gyara cinikin. An yanke farashi, naira ta tafi, fam kuwa alkawari ne, wannan shi ne ribar jinkiri, cinikin kuma ɓatacce ne.

Za ka iya cewa ai a banki ma kuɗi kan kwana biyu ko uku kafin su isa. Haka ne, kuma Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1990, ta yanke cewa shigar da kuɗi cikin asusun mutum daidai yake da karɓa da hannu, kuma ana yafe ɗan jinkirin da aka saba da shi wajen kammala aikin. Amma a can an riga an cire kuɗin daga wani asusu an rubuta su da sunanka, abin da ya rage tafiyar saƙo ce tsakanin bankuna. A naka cinikin babu abin da aka cire daga ko'ina, mutumin zai fita neman fam ne da nairarka. Kai ɗan Argungu ne, ka san kifin da ke cikin ruwan Matan Fada ba na kowa ba ne sai ya shiga koma.

Maganar malamin da ya ce kuɗin takarda ba zinariya ba ne tana bukatar a tsaya a kanta, domin ba daga kansa ya ƙago ta ba, kuma ita ce 'yan kasuwa da yawa ke fakewa da ita. Lokacin da takardun kuɗi suka fara yaɗuwa, an samu manyan malamai, cikinsu har da Shehu Ulaishu, muftin Malikiyya a Misira a ƙarni na 19, da suka ga babu zakka a kan ainihin takardar, wasu kuma suka riskar da ita da fulusai, wato ƙananan kwabban tagulla. Har yau akwai wasu malaman Hanafiyya da ke halatta jinkirta ɓangare ɗaya idan kuɗin ƙasashe biyu ne. Muna girmama su, amma ra'ayin ba ya tsayuwa a halin da muke ciki.

Waɗancan malamai na farko sun yi fatawa ne a zamanin da zinariya da azurfa ke yawo a kasuwa, da su ake biyan sadaki da diyya da kuɗin gida, takarda da fulusai kuwa na ƙaramin ciniki ne ko shaidar bashi. Yau babu wanda ke sayen buhun shinkafa a Jega ko albasa a Aliero da dinari. Tun 1971 Amurka ta yanke alaƙar dala da zinariya, wasu kuma suka ɗauka wannan ya raunana matsayin takarda, alhali shi ne ya tabbatar da cewa ta zama kuɗi mai cin gashin kanta, ba wakiliyar wani ƙarfe ba. Imamu Malik ya riga ya hango wannan, inda ya ce a cikin littafin Mudawwana da mutane za su yarda su riƙa ciniki da fatu har a buga musu hatimi su zama kuɗi, da ya ƙi a sayar da su da zinariya ko azurfa a kan jinkiri. Malamanmu na Malikiyya sun saɓa kan ko ƙin nan haramci ne ko karhanci, amma saɓanin nasu a kan abin da ke gefen kuɗin gaske ne, maganarsa kuma ta nuna dalilin hukuncin shi ne zaman abu ma'aunin farashi a tsakanin mutane, ko da wuri ne irin wanda kakanninmu suka yi ciniki da shi a ƙasar Kabi da Gwandu.

Sannan ina roƙon wannan malami ya bi maganarsa zuwa ƙarshenta. Idan naira ba ta ɗauki hukuncin zinariya ba, to wanda ya ajiye biliyan a banki babu zakka a kansa muddin ba kasuwanci yake da ita ba, alhali manomin da ya samu nisabi na gero zai fitar. Kuma ya halatta a sayar da naira dubu 100 ta yau da dubu 120 ta bayan wata uku, wanda shi ne kuɗin ruwan da duk muke wa'azi a kansa, an sauya masa suna kawai. Ban san malamin da zai yarda da waɗannan biyun ba, ba kuwa zai yiwu naira ta zama kuɗi ranar fitar da zakka, ta koma haja ranar canji ba. Wannan ne ya sa majalisar da na ambata, a zamanta na Amman a 1986, ta tabbatar cewa kuɗin takarda suna da dukkan hukuncin zinariya da azurfa a babin riba da zakka da salam (wato cinikin da ake biyan kuɗi yanzu a karɓi kaya daga baya), Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, wato Ƙungiyar Musulmin Duniya, da ke Makka ma a kan haka take, kuɗin kowace ƙasa kuma jinsi ne na daban.

Hikimar hanin ma mun gan ta da idonmu. A watan Yunin 2023, da Babban Bankin Najeriya ya haɗe kasuwannin canji, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 700 a hukumance cikin 'yan kwanaki, kafin Fabrairun 2024 ya ƙare ta haura 1,500. Duk wanda ya karɓi naira a tsohon farashi da alkawarin kawo kuɗin waje daga baya, ko dai ya karye ko ya fara kwana-kwana, wanda ya ba shi kuma ba shi da takardar da zai kai gaban alƙali. 'Yan canjin Kamba da ke musayar naira da sefa a bakin iyaka, wannan ya miƙa wancan ya miƙa, sun fi kusa da sunna a kan masu manyan ofisoshin da ke ciniki da alkawari. Batun lalura kuma bai taso ba, tunda hanyoyin halal a buɗe suke gare ka.

Miliyan 15 da ka riga ka tura, ka nemi gafarar Allah, kuma ina fatan babu zunubi a kanka tunda ba ka sani ba. Ku warware wancan farashi gaba ɗaya, kuɗin su koma bashin naira a wuyansa, ku rubuta da shaidu biyu. Ko dai ya mayar maka da nairarka, ko kuma ranar da fam ya samu a hannun abokinsa ku ƙulla sabon ciniki a kan farashin wannan rana, ya tura, ka ga kuɗin sun shiga kafin ku ajiye waya. Malikiyya sun halatta canjin bashin da lokacin biyansa ya yi ta wannan hanya. Idan farashin ranar ya zo maka da asara ka haƙura, idan ya zo maka da sauƙi kada ka bari ya ja ka zuwa tsohon farashi.

Sauran miliyan 27 kuma, mafi tsabta shi ne ka sayi fam ko dala hannu da hannu daga banki ko ɗan canji mai lasisi, ka zuba a asusunka na kuɗin waje a nan gida, idan ka buɗe asusu a can ka tura wa kanka. In kana da amintacce a Ingila, kana iya wakilta shi ya karɓa, ka tura naira shi kuma ya tabbatar maka da shigar fam a zama ɗaya, ko da kashi-kashi ne, kowane kashi cinikinsa daban da farashin ranarsa. Haka kuma ya halatta ɗan canjin ya zama wakilinka a kan la'ada sananniya, nairarka tana amana a wurinsa ba ya juya ta, ya sayo maka fam a farashin da ya samu. Aika fam a karɓi fam a wani gari kuwa, jama'a daga cikin malamai sun halatta shi, Malikiyya ma da suka ƙi shi sun yi rangwame idan tsoron hanya ya game, halin hanyoyinmu kuma ba ɓoyayye ba ne.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma ya fi damuna. Ka tambayi ɗan canjin daga asusun wa fam ɗin zai fito. Irin wannan hulɗa sau da yawa kuɗin kan shigo ne daga mutane daban-daban da ba ka san su ba, wani lokaci a cikinsu akwai na damfara, bankunan Ingila kuma suna rufe asusun da suka yi wa zargi, su nemi ka bayyana tushen kuɗin. Baƙo mai sabon aiki da iyali biyar ba ya son wannan a watansa na farko. Ka riƙe takardun cinikin gida da gona da mota da shaidar kowane canji. Idan kuma za ka ɗauki tsaba, dokar Najeriya ta 2022 kan hana halasta kuɗin haram ta wajabta bayyana wa kwastan abin da ya haura dala 10,000, a Birtaniya ma ana bayyana fam 10,000 zuwa sama, kuma a can jimillar abin da iyali ke ɗauke da shi ake dubawa, don haka rarraba kuɗin a jakar matarka da ta yara ba dabara ba ce. Bayyanawar ba ta cin ko kwabo, ƙarya a takarda kuwa haramun ce ko a gaban wa aka yi ta, wanda ya shiga ƙasa da biza kuma ya shiga ne da alkawarin bin dokarta. Abokan aikinka masu neman biza za su ji kana da kuɗi, su roƙe ka ka ajiye musu wani abu a asusu na kwana 28 don nuna wa ofishin jakadanci, su ba ka kaso. Kason nan riba ce a kan bashi, nuna kuɗin da ba nasu ba a matsayin nasu kuma yaudara ce.

Na kuma lura ka ce gidana da motata, amma da ka zo kan gona sai ka ce "gonarmu". Idan gado ce da ba a raba ba, to kason 'yan'uwanka, musamman mata da kan yi kawaici, ba ya halatta ya tsallaka teku tare da kai sai da yardarsu a fili, kuma yin shiru don kunya ba yarda ba ce. Idan akwai kuɗin matarka a ciki, na sarƙa ko na dabbobi, ka rubuta mata adadinsu kafin su narke cikin asusu mai sunanka. Idan mahaifanka suna raye, ka ware abin da zai riƙe su na watanni kafin albashi ya daidaita, ka biya basussukanka, kuma da za ka ji shawarata da ka bar wani abu a gida, ko fili ne, domin bizar aiki tana rataye ne da mai ɗaukar aiki, yara kuma suna bukatar wurin da za su dawo. Zama a can ya halatta ga mai bukata da zai iya bayyana addininsa, sai dai ka nemi unguwa mai masallaci da makarantar Islamiyya tun kafin ka kama haya, ka kuma buɗe asusun da ba ya ba da kuɗin ruwa.

Zakkar kuɗin gida da gona da mota tana fara ƙirga shekara ne daga ranar da ka karɓe su, mayar da su fam kuma ba ya sabunta shekarar, don haka ka rubuta ranar da watan Musulunci. Idan ta cika, abin da ya rage ya kai nisabi, ka fitar da kashi 2.5 cikin 100. Amma kafin duk wannan, ka kira ɗan canjin nan yau ku warware farashin, kada ka ƙara tura masa ko naira ɗaya a kan tsohuwar magana. Wallahu a'alamu.