Raptor ko TRX? Amsa ga Alhajin da ke son a-kori-kurar shiga rairayi

Wa alaikumus salam Alhaji. Na ga tambayarka: kana da wajen riyal 300,000 a hannu, ranka ya biya da Ford Raptor ko Ram TRX, kana son ta riƙa fita da ku daji ranar Juma'a da Asabar, sauran kwanaki kuma ta kai wa tumakin da kuke kiwo wajen Usfan sha'ir da ruwa. Ka ce a gaya maka wadda ta fi, da kuma ko sun ci kuɗinsu. Ni aikin gareji nake yi a sana'iyya, unguwar masu gyaran mota ta Jidda a nan Saudiyya, motocin nan suna shigowa hannunmu, na kuma tuƙa su a kwalta da rairayi, don haka zan faɗa maka abin da na sani, ka auna da kanka.

Ayyuka biyu ka lissafa, kuma motocin nan ɗaya kawai aka ƙera su su yi. Ba don ɗaukar kaya aka yi Raptor da TRX ba, duk da suna da buɗaɗɗen baya. An yi su ne don gudu a ƙasa mara kyau, inda akwai gargada da ramuka da tudun rairayi. Yawancin kuɗin da za ka biya a ƙarƙashin motar yake, wajen shokozoba da ƙafafu. Raptor ta yanzu, wadda aka fara fitarwa a 2021, tayarta ta gaba tana iya yin sama da ƙasa har inci 14, ta baya 15, kuma shokozobarta ta Fox kwamfuta ce ke daidaita taurinta kana cikin tafiya. TRX kuma Bilstein aka sa mata. Amfanin wannan sai ka shiga za ka gane. Hanyar da Hilux za ta bi a kan gudun 50 kana riƙe da sitiyari hannu biyu, haƙoranka na haɗuwa, Raptor za ta wuce ta a kan 100, na kusa da kai yana zuba gahawa a finjali. A wannan fanni babu gardama, ba su da tsara.

To amma laushin nan shi ne ya hana su ɗaukar nauyi. Abin da kamfani ya yarje wa Raptor bai wuce kilo 630 da 'yan kai ba, TRX ma ba ta kai 600 ba, kuma a cikin wannan lissafi har da kai da duk wanda ka ɗauka. Ku huɗu ku shiga, ga akwatin ƙanƙara, ga tabarmi da tukunyar gas, abin da ya rage bai wuce buhun sha'ir biyar ko shida masu kilo 50 ba. Akwai wanda ya kawo mana tasa bayan ya ɗora mata tankin ruwa na lita 1,000. Bayanta ya zauna daɓas, fitilun gaba suna kallon sama, robobin da ke tare ƙafar baya sun murƙushe, shokozoba ɗaya tana tsiyayar mai har ƙura ta manne mata baƙi ƙirin. Lita 1,000 tan guda ne cur. Land Cruiser 79, wadda mutanen nan ke kira shas, abin da aka yi ta dominsa ke nan, kuma tun 1984 ake ƙera zuriyarta ba a sauya mata tsari sosai ba. Ba banza ba yaƙin Chadi da Libiya na 1987 ake kiransa yaƙin Toyota.

Batun inji kuwa, nan ne samari ke yawan musu. Raptor ta farko, ta 2010, fulogi takwas ce. Daga 2017 suka koma fulogi shida, lita 3.5 mai turbo biyu, ƙarfin doki 450, giya goma. TRX ta zo a samfurin 2021 da lita 6.2 mai fulogi takwas da abin hura iska da ake kira sufacaja, ƙarfin doki 702. Daga tsaye tana kai gudun kusan 100 cikin daƙiƙa huɗu da rabi, alhali nauyinta ya kusa tan uku. Ford ta rama da Raptor R a 2023, doki 700, a 2024 ta ƙara zuwa 720. In ka ji kukan TRX a ƙarƙashin gada sai tsigar jikinka ta tashi, wannan gaskiya ne. Amma a rairayi, doki 450 ya ishe ka har ya yi yawa. Wanda bai rage iskar taya zuwa PSI 15 ko 18 a ma'aunin iska ba, ko doki dubu gare shi kafewa zai yi, ƙarfin ma shi zai sa ya haƙa wa kansa rami da wuri. Kuma mai tan uku in ta nutse har ciki, ba ƙaramin aiki ba ne fitar da ita da tsakar rana a watan Yuli. A kwalta kuma kyamarorin Sahir masu kama masu gudu suna nan suna jiranka, babbar hanyar da ta fi kowace sakin mara ma 140 ce iyakarta.

Yanzu kuɗi. Ba zan yanka maka farashin yau ba domin yana motsi, amma ga yadda za ka lissafa da kanka. Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75. Raptor ta 2024 a Amurka tana farawa ne daga wajen dala 80,000, wato riyal 300,000. Ɗora kashi 5 na kwastan, ɗora harajin saye da aka ɗaga zuwa kashi 15 tun Yulin 2020, ka riga ka wuce 360,000, ba a yi maganar kuɗin jirgi da ribar dila ba. Raptor R kuwa daga wajen dala 110,000 take, in ka bi wannan lissafi tana dukan riyal rabin miliyan. TRX ta fito a kan kusan dala 70,000, ta yi ta hawa shekara bayan shekara har zuwa samfurin 2024. Ka ga ke nan 300,000 ɗinka ta hannu za ta saya maka, ba sabuwa ba. Kuɗin Raptor R guda kuwa zai sayi shas biyu sababbi fil, a ba ka canji.

Saye shi ne mai sauƙi, ciyarwar ce aiki. A gwajin hukuma a Amurka, TRX tana shan kusan lita 20 a kilomita 100, Raptor mai fulogi shida wajen lita 15. Wannan a hanya mai kyau ke nan, da ƙafa mai hankali. A rairayi ka manta da lissafin nan gaba ɗaya, allurar tanki kana gani tana sauka. Fetur 95 yana kan riyal 2.33 tun da gwamnati ta tsayar da shi a 2021, saboda haka in kana yin kilomita 2,000 a wata, TRX za ta ci maka sama da riyal 900 na mai kaɗai. Tankin Raptor lita 136 ne, cika shi ya haura riyal 300. Wanda ya sayi rariya dai ya san za ta zubar da ruwa. Ga taya mai inci 35 ko 37 wadda zafin kwaltar nan ke cinyewa da wuri, kuma ba a canja guda ɗaya. Ga inshora, wadda ke bin darajar mota. Shokozobar nan kuma ba irin wadda za ka shiga kowane shago ka ce a ba ka ba ce, ko dai a buɗe a yi mata hidima wajen wanda ya iya, ko a sayo sabuwa da tsada. Bodin Raptor tun daga 2017 alminiyam ne, ba ya tsatsa, abin so ne ga mu mazauna bakin teku, amma in aka buge ka ba kowane mai gyaran bodi ke iya taɓa shi ba. Na Hilux da shas kuwa, ko a ƙauyen da ke kan hanyar Laith ka lalace za ka samu mai gyara, tashlih kuma, wato kasuwar kayan motocin da aka farfasa, cike yake da kayansu.

Akwai kuma faɗi, wanda mutane ba sa tunawa sai sun kai gida. Raptor ta kai mita 2.2 ban da madubai. Fitilun nan uku masu ruwan lemo da ke hancinta ba ado ba ne, dokar Amurka ce ta wajabta su ga duk motar da faɗinta ya wuce inci 80. In gidanku a tsofaffin unguwanni yake, irin Sabil ko Karantina, ko kana yawan shiga lungunan Shara Mansur a Makka, ka je da abin awo ka gwada ƙofar da za ka riƙa ajiye ta.

Wasu za su ce maka ai su ne motocin gasar tseren sahara ta Dakar. Gasar tana ƙasar nan tun 2020, kuma a 2025 Yazid Al-Rajhi, ɗan ƙasa, shi ya ci da Hilux, motar Ford mai sunan Raptor ta zo ta uku. Amma waɗancan motocin tsere ne da aka gina daga tushe, suna da kamannin fuska kawai suka haɗa da na kasuwa. Kada wannan ya shiga lissafinka ko ta wane ɓangare.

In ni ne kai, da aikin tumakin nan a wuyana, shas zan saya, ko Hilux mai gida biyu, mai injin fetur lita 4 fulogi shida, in ajiye sauran kuɗin. Fetur na ce da gangan, domin dizal ya daina arahar da aka san shi da ita: riyal 1.15 a 2024, ya koma 1.66 a 2025. Shas tana da tauri, tana jijjiga ƙashi, iyali ba za su gode maka ba a doguwar tafiya, shi ya sa Hilux ta fi dacewa da mai son haɗa aiki da yawo. In kuma zuciya ta kafe sai mai sunan Raptor, ka duba ƙaramarta, Ranger Raptor ta 2022 zuwa sama, lita 3 mai turbo biyu, doki kusan 400. Ita ma Fox gare ta, ta fi shiga lungu, ta fi sauƙi a kan tudu, kuma kuɗinka zai kai. Sai dai ita ma ba ta tankin ruwa ba ce. Tsakanin manyan biyun da ka ambata kuwa, Raptor mai fulogi shida zan ɗauka in bar TRX. Ta fi rashin nauyi, ta fi sauƙin mai, kuma ta fi daɗewa a kasuwar nan, masu gyaranta sun fi yawa.

In ta hannu za ka saya a Haraj, kasuwar motocin hannu, ko wajen dillalai, kada ka biya ko halala sai an ɗaga ta sama ka shiga ƙarƙashi da tocila. Masu irin waɗannan motoci da yawa tsalle suke yi da su a kan tudu, kuma wanki da man goge bodi ba sa ɓoye wannan. Dubi farantin ƙarfen da ke kare inji, ko ya lotsa ya shige ciki. Shafa jikin kowace shokozoba, in ka ji danshin mai ka rage kuɗi ko ka tafi. Tsaya daga gefe ka kalli tazarar da ke tsakanin gidan direba da akwatin baya: in sama ta fi ƙasa matsewa ko buɗewa, ko hagu ta bambanta da dama, shasi ya taɓu, ka bar ta komai araharta. Buɗe gidan matatar iska ka sa yatsa a bututun da ke bayanta, in ka ji yashi to inji ya sha. Ka ce kada a tayar da ita kafin ka zo, ka ji kukanta da sanyin safiya, domin samfurin 2017 zuwa 2020 an san wasunsu da wata ƙara kaf-kaf-kaf ta 'yan daƙiƙu a tashin farko, gyaranta kuma sai an buɗe gaban inji. Ka fitar da rahoton Mojaz ka ga tarihinta, ka kuma tambaya ko ta wakilin kamfani ce ta nan ko shigo da ita aka yi daga Amurka, don farashinsu ba ɗaya ba ne ranar da za ka sayar.

Kafin duk wannan ma, in da iƙama kake zaune, wato katin zaman baƙo, ka fara tambaya a murur, ofishin 'yan sandan hanya. Waɗannan motoci lambar ɗaukar kaya ake ba su, kuma akwai ƙa'ida kan baƙo ya mallaki irinsu, ana duba sana'ar da ke rubuce a iƙamarsa. Kada ka yarda a rubuta istimara, takardar rajistar mota, da sunan wani a kan amana, mota ce ta dubban ɗaruruwa. In ka samu wadda ta kwanta maka, ka turo hotunan ƙarƙashinta da lambar shasi in duba maka kafin ka ba da kafin alƙalami.