Amsa ga mai tambaya kan rigimar masoyan Kate Bush

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa wasu tsofaffin masoyan Kate Bush, mawaƙiyar Birtaniya, suka ɓata rai da waƙarta ta sake tashe, alhali abin murna ne.

Ga yadda abin yake. Ta fitar da waƙar Running Up That Hill a 1985, ta tsaya a matsayi na uku a jerin waƙoƙin Birtaniya. Sai a 2022 shirin Stranger Things na Netflix ya sa ta, matasa suka yi mata caa a TikTok, har ta hau na ɗaya bayan shekara 37. To masu ƙorafin suna ganin yaran sun tsinci dami a kala, sun riƙe amshi kawai, ba su taɓa zama sun saurari faifan Hounds of Love, wanda waƙar take ciki, daga farko har ƙarshe ba.

Na fahimci kishinsu. Irin wannan kiɗa na art pop, wato kiɗan zamani mai zurfin fasaha, yana buƙatar natsuwa. Ita ta rubuta, ita ta tsara sautin da na'urar haɗa kiɗa ta Fairlight, kuma ɓangare na biyu na faifan labari ɗaya ne dogo, na wata mata da ta kwana ruwan teku yana yawo da ita tana jiran ceto. Guntun bidiyo ba zai nuna maka wannan ba.

Amma wallahi ban goyi bayansu ba. Ita kanta mawaƙiyar ta fito ta yi wa sababbin masu sauraron godiya. Idan mai abu ta yi maraba, wa zai tsaya a ƙofa yana korar baƙi? Shawarata, ka sa abin sauraro a kunne da dare, ka fara da ɓangare na biyun nan.