Karen maƙwabci ya ciji ɗana, na bola kuma sun hana mu fita sallar asuba

Tambaya: Barista, ina zaune a Agege. Karen maƙwabcina ya fito ta ƙofar da aka bari a buɗe, ya ciji ɗana a ƙauri yana hanyar Islamiyya. Bara ma ya taɓa cizon wata mai talla. Mai karen ya ce tsautsayi ne, ko kuɗin asibiti ya ƙi biya. Ga kuma wasu karnuka da ba a san masu su ba suna kwana a bolar bayan layinmu. Samarin unguwa sun ce a sa musu guba kowa ya huta. Ina mafita?

Amsa: Malam, Allah ya ba yaro lafiya. In ba a fara yi masa allurar rigakafin haukan kare ba, a kai shi asibiti yau, kada a jira ƙarshen rigima da maƙwabci. Ciwon nan da zarar alamunsa sun bayyana, da wuya a tashi. A nemi mai karen ya nuna katin rigakafin karensa, a ɗauki hoton raunin, a kuma adana rahoton likita da duk wani rasit.

Karnukan nan kashi biyu ne a idon doka, kuma ƙofar da za ka ƙwanƙwasa a kan kowanne daban ce.

Na maƙwabcinka yana da ubangida, saboda haka da ubangidan za ka yi. Ƙa'idar da kotunanmu suka gada daga dokar Ingila ita ce: kare dabbar gida ce, ba a kama mai shi don kawai ya yi cizo, sai in an nuna ya san halin karensa tun da farko. Idan ya sani, to diyya ta hau kansa, ko da ya rantse ya yi iya ƙoƙarinsa wajen tsare shi. A shari'ar Daryani da Njoku ta 1965, karen ya taɓa cizon wata 'yar aiki, aka kai ƙara wurin matar mai shi, kotu ta ce sanin matar ya wadatar, mijin ya biya. Ka ga ke nan mai tallar nan ta bara ita ce ƙashin bayan ƙararka. Nemo ta, ko wanda ya ga abin, ko wanda ya je ya gaya wa mutanen gidan. Ko ba a same ta ba, barin ƙofa a buɗe alhali akwai kare mai faɗa a ciki sakaci ne, shi ma hanya ce ta neman diyya.

Abin da za ka nema ya haɗa da kuɗin magani, kuɗin zirga-zirga, da diyyar zafi da tabon da yaro ya samu. Tunda ƙarami ne, kai za ka shigar da ƙarar a madadinsa. Kotun majistare a Legas tana sauraron da'awar da ba ta wuce naira miliyan 10 ba, kuma wa'adin shigar da ƙarar rauni a jiki shekara 3 ne. Kada wannan ya sa ka yi sanyi, shaidu suna tashi daga unguwa, suna kuma mantuwa.

Amma ni da za ka bi tawa, ba da kotu za ka fara ba. Mutumin nan gobe ma maƙwabcinka ne. Rubuta masa takarda, ka faɗi abin da ya faru, nawa ka kashe, da ranar da kake so ya biya. In ya yi kunnen ƙashi, kai maganar gaban ƙungiyar masu gidajen unguwa ko fadar Sarkin Hausawa, in ta ci tura sai Cibiyar Sasanci ta ma'aikatar shari'ar jihar, wadda aka fi sani da CMC. Kyauta take aiki, kuma abin da aka amince a kai ana rubuta shi kowa ya sa hannu. A tabbata an sa sharaɗin ɗaure karen da yi masa rigakafi, ba kuɗi kaɗai ba. Kana kuma iya kai rahoto ga 'yan sanda, domin sakaci da dabba har ta jefa mutane cikin haɗari laifi ne. Sai dai ka sani hukunta shi daban, biyan ka daban.

Karnukan bola kuwa aikin ƙaramar hukuma ne, kuma ba alfarma take yi muku ba. Jadawali na 4 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da yawo da kiwon dabbobin gida kowane iri, har da kyanwoyi, waɗanda su ma suna ɗaukar wannan ciwo. Jadawalin ne dai ya ba su aikin kwashe shara, kuma bolar ce ta tara muku karnukan. Dokar karnuka da ta tanadi lasisi da yaƙi da haukan kare tun 1943 take, ba sabon abu ba ne. Legas tana da ƙananan hukumomi 20 da yankunan raya ƙasa 37, don haka fara tabbatar da wadda layinku yake ƙarƙashinta, kada takarda ta ɓata a sakatariyar da ba taku ba.

Ku rubuta ƙorafi da sunan shugaban ƙaramar hukumar, ta hannun sashen duba-gari, waɗanda Yarabawa ke kira wole-wole. Magidanta da yawa su sa hannu, a haɗa da hotuna, a nemi abu biyu: a kama karnukan, a kwashe bolar. A kai kwafi biyu, a buga muku hatimi da kwanan wata a ɗaya ku dawo da shi. Ƙorafin baki ba ya barin sawu. A aika kwafi ga sashen likitocin dabbobi na ma'aikatar noma ta jihar a Alausa. Idan har ta kai ga maka ƙaramar hukuma a kotu, ga lauya da wuri, domin sai an ba ta sanarwa tukuna.

Maganar guba kuwa, ka hana samarin nan. Guba ba ta tantance karen bola da na gida, ko akuyar wani, ko yaron da ke wasa a wurin. Kashe dabbar wani da gangan laifi ne, azabtar da dabba ma haka. Doka tana yi wa mutum uzuri idan ya kare kansa ko ɗansa a daidai lokacin da kare ya kawo farmaki, amma ba ta yarda a kwana ana shirya masa tarko ba. Ranar da karen maƙwabcinka ya ci gubar nan ya mutu, shi ne zai riga ka zuwa ofishin 'yan sanda, diyyar ɗanka kuma ta koma abin da za a yi ciniki da shi don a sako samarinku.