Amsa kan tsofaffin katun masu arha da yadda za a yi wa yaranmu namu

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambayi dalilin da ya sa tsofaffin katun na Japan da aka ɗora wa muryar Larabci har yau suke da masoya na gani-kashe-ni a nan Jidda da Makka, alhali hotonsu da ƙyar yake motsi. Ka kuma ce kana son yi wa yaranmu gajeriyar tatsuniya da Hausa da ɗan abin da ke hannunka. A ganina waɗanda suka yi waɗancan katun sun san inda ake tsuke hannu, sun kuma san inda ba a rowa.

Fim yana gudu ne da hoto 24 a daƙiƙa, wato in za a zana kowane hoto daban, minti ɗaya zai ci zane 1,440. Tun a 1963, lokacin da Osamu Tezuka, mai zanen katun ɗan Japan, ya fara fitar da katun duk mako a talabijin, aka ga wannan ba zai yiwu ba, sai aka riƙa barin zane ɗaya ya tsaya tsawon hoto uku ko fiye. Hoto uku na nufin takwas a daƙiƙa, 480 a minti. Ka kunna Grendizer, ɗaya daga cikin waɗancan katun na Japan, wanda aka yi daga 1975 zuwa 1977 a kashi 74, ka kashe sauti ka zuba ido. Jarumin yana magana, jikinsa a tsaye cak, baki kawai ke aiki, shi ma kala uku ne: a rufe, a ɗan buɗe, a wangale. Jirgi na tafiya, amma zanen sama ne mai tsawo ake ja a bayansa. Wurin tashin jirgin kuwa kusan iri ɗaya ake maimaitawa kashi bayan kashi, kuma shi yara suka fi ɗokin gani. Abin da aka rage a nan shi ake zubawa a wurin faɗa.

Inda ba su yi rowa ba shi ne murya. Jihad al-Atrash na Labanan ya ɗauki muryar jarumin da Larabci mai tsabta, da zuciya ɗaya, Sami Clark ya rera waƙar buɗewa, kuma su ne mutane ke haddace har gobe. Ko Masameer, katun na nan Saudiyya, da ya fara a YouTube a 2011 har ya kai silima a 2020, zanensa mai sauƙi ne ƙwarai, rubutu da muryoyin ne suka ɗauke shi. Haka finafinan mutane masu ƙaramin jari suke. Mai kallo yana haƙuri da hoto mai dishi-dishi, amma da zarar sai ya kasa kunne kafin ya ji magana, ya tafi.

Don haka ka fara da murya kafin ka ja layi ɗaya. Ka kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, da fanka, domin gurnaninsu na shiga ƙarƙashin magana, in ka matsa wajen cire shi muryar ta koma kamar daga cikin tulu. Ɗakunanmu masu tayil suna amsa kuwwa, sai ka shimfiɗa darduma, ka rataya bargo a bayan mai magana, makirufo ya yi taƙi ɗaya daga baki, a ɗan karkace don kada iskar “f” da “b” ta buge shi. Bayan asuba ya fi, don daren Jidda ba ya shiru. Audacity, manhajar gyaran sauti, kyauta ne, ya ishe ka gyara. Daga nan ka zana a manhajar zane irin su Krita ko OpenToonz, kana bin sautin wajen sauya baki. In ka fara da zane, dole mai magana ya yi ta gudu yana bin hoto, maganar ta fito a sandare.

Ina roƙonka kada ka fara da 3D mai arha, wato katun na kwamfuta mai siffa kamar mutum-mutumi. Ƙafa tana zamewa a ƙasa saboda takun bai dace da nisan da aka yi ba, hannu yana ratsa babbar riga ko hijabi saboda ba a saita tufafin ba, idanu kuma a ƙafe. Gyaran waɗannan ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

Minti uku ya isa aikin farko: mutum biyu, wuri biyu, motsi na gaske a wuri ɗaya tak, misali inda Gizo zai arce. Yaran da za su yi muryar in sun cakuɗa Hausa da Larabci kamar yadda suke yi a gida, ka bar musu kaɗan, ya fi karatun da aka tilasta. Kafin ka saka mana a nan, ka saurare shi ta lasifikar waya, don da ita yawancinmu za mu kalla.