Faɗaɗa titi ba ya rage hayaƙin motoci

Tambaya: Malam, gidana a bakin titi yake a Runjin Sambo, cikin Sakkwato. Da yamma hayaƙin motoci da na 'yan kabu-kabu har cikin ɗaki, ga ƙaramin yarona kullum tari. Maƙwabta na ta kiran a faɗaɗa titin, ni kuma ina tunanin sayen fili a Kwannawa, can bayan gari, mu koma. Wanne ya fi?

Amsa: Allah ya ba yaron lafiya. Fara kai shi asibiti, tari ba ya jiran sai an tashi daga gida.

Kwannawa za ta iya sama masa iska mai dama, ban musa ba. Amma in aikinka da makarantar yara da cefane duk suna cikin gari, ka ƙara wa kanka tafiya ne. Kowace litar fetur tana fitar da wajen kilo 2.3 na iskar kabon mai ɗumama duniya, ban da ƙurar hayaƙin da ke shaƙe ƙirji. Ka tsere wa hayaƙi, ka koma kana bulbula shi a ƙofar wasu safe da yamma.

Maganar faɗaɗa titi kuwa, wallahi na gaji da jin ta. Ba taron da zan je ban ji wani ya miƙe ya ce a ƙara layi cunkoso ya kau ba. Shekarar farko dai a ji daɗi. Daga nan dillalai su yanka filaye can gaba tunda hanya ta buɗe, mutane su ƙara nisa, mai tafiya da ƙafa ya ga tsallake titin ya zama kasada ya sayi babur. A Histon ta Amurka an faɗaɗa wata babbar hanya a 2008 har wani wurin ya kai layi 26. Cikin 'yan shekaru cunkoso ya dawo. Mu da me muka fi su?

Dubi Kanwuri, tsohuwar unguwa a cikin gari: masallaci, makarantar allo, mai tireda, duk da ƙafa ake zuwa. A sababbin unguwanni kuwa gidaje ne jere, ko magi za a saya sai an ta da babur, kuma injin da bai ɗau zafi ba ya fi ƙazamin hayaƙi. Filin da taswira ta ware wa makaranta da kasuwa, sai ka wayi gari an yanka an sayar. Masu sa hannu a irin wannan takarda su ji tsoron Allah.

Kafin ka biya kuɗin filin, je ka da la'asar, ka taka da ƙafa minti goma sha biyar, ka ga ko za ka tarar da firamare da kemis.