Tashe da tashi: amsa ga ɗan ƙanena

Ɗana, saƙonka ya iso ni, inda kake tambaya ko tashen da yara ke yi a watan azumi yana da dangantaka da kalmar tashi, ko kuwa amo ne kawai ya haɗa su. Dangantakar tana nan. A da, masu ganga ne ke zagaya unguwa cikin dare suna tayar da jama'a domin sahur, musamman gwauraye da ba su da mai tashinsu, daga nan sunan ya bi wasannin da yara ke farawa idan azumi ya kai goma. Ni kaina na manna gemun auduga, na dogara sandar kara, na bi ƙofofin gidaje a Argungu ana zuba mana gero a ƙoƙo.

Sai dai ka kula da bakinka a kan kalmar tashi. Idan ka ce wa babba "an tashi lafiya?" ka gaishe shi, amma idan ka ce masa "tashi" kurum ka yi rashin kunya, domin kora ce, shi ya sa ake ce wa baƙo "bismilla" idan ana son ya miƙe. Mota takan tashi, ko da yake tashar da take tashi daga cikinta ba 'yar gidan ba ce, daga Turanci aka aro ta. Kasuwa takan tashi da yamma, farashin shinkafa ya tashi, hankali ya tashi, wanda kuwa ya ce a Jega ya tashi yana nufin can ya girma.

Mafi nauyi a wurinmu Kabawa shi ne tashin gari. Surame, birnin da Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi, ya gina a ƙarni na 16, ya tashi lokacin da sarauta ta koma Birnin Kebbi, bayan kuma masu jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo sun ci Birnin Kebbin a 1805 Kabawa suka sake tashi, har daga baya suka zauna a Argungu. Idan dattijo ya ce gari ya tashi, yana nufin mutane sun kwashe komatsansu da dabbobinsu sun bar kufai, kamar yadda ganuwar duwatsun Surame take tsaye har yau babu kowa a cikinta. Idan ka zo hutun salla, ka tuna mini mu je ka gan ta.